Yadda Ake Nemo Abin Da Ka Kalla Da Ƙuruciya, Da Yadda Ake Adana Shi

Yakan faro ne da ɗan abu kaɗan. Kana tsaka da aiki sai wani kari ya faɗo maka a rai, kiɗan da ake buɗe wani katun da shi lokacin kana ɗan shekara goma sha biyu. Ka tuna akwai yaro mai jar hula da wata dabba mai magana, har ƙarar da talabijin ɗin ke yi kafin hoto ya fito kana jin ta a kunnenka, amma sunan shirin ya ɓace ɓat. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama daram a ransa, don haka ba abin mamaki ba ne kewar wannan lokaci ta yi nauyi. Da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye da waƙoƙi da gem suna nan a intanet, wasu kuma suna kwance a kwali a bayan ɗaki. Sai dai nemo su yana da ƙa'ida, kuma wanda ya fara da buga "tsohon katun mai jar hula" a Google yakan gaji bai iso ba.

Takarda kafin waya

Kada ka buɗe Google tukuna. Da zarar ka fara ganin hotunan wasu shirye-shirye masu kama da wanda kake nema, sai su hau kan ɗan abin da ya rage maka a ka su danne shi, bayan kwana biyu ba za ka iya bambance abin da ka tuna da abin da ka gani jiya ba. Saboda haka ɗauki takarda ka raba ta gida biyu: abin da ka tabbatar, da abin da kake zato.

Shekara ce ta farko. Kada ka yi ƙoƙarin tuna ta kai tsaye, jingina ta da wani abu: ajin da kake a makaranta, gidan da kuke zaune, ƙanin da aka haifa a lokacin. In ka samu, rubuta ta, sannan ka ja baya. Shekarar da ka kalli abu daban, shekarar da aka yi shi daban. Gidajen talabijin sukan sayi tsoffin shirye-shirye saboda sun fi sauƙin kuɗi, don haka abin da ka gani a 2003 yana iya zama na 1988. Ba da tazarar shekara 15 zuwa baya. Mutane da yawa a nan suke ɓata, suna ta laluben shekarun da abin bai taɓa zama a cikinsu ba.

Bayan shekara sai a kan me ka gan shi: tashar talabijin, kaset ɗin bidiyo, faifan VCD, waya, kwamfuta, ko na'urar gem. Zane ne, ko mutane ne na gaske, ko 'yan tsana? Da wane harshe suke magana, kuma bakinsu yana tafiya daidai da maganar? In ba ya tafiya daidai, ɗora murya aka yi, wato sunan da ka sani wataƙila ba shi ne na asali ba. Sannan ka rubuta fage ɗaya tak da ka fi tunawa, dalla-dalla, wane ne ya yi me, a ina. Fage ɗaya mai ƙwari ya fi bayani goma irin "yana da ban dariya".

Launi yana cikin abubuwan da ƙwaƙwalwa kan yi ƙarya a kansu, sai kuma haɗa shiri biyu da ake nunawa a jere su zama ɗaya. Duk launi sa shi a gidan zato. In za ka tambayi yayyenka ko abokan wasanka, tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka fara faɗa musu abin da ka tuna. In an tara su wuri guda, wanda ya fi baki shi zai ja sauran.

Daga siffa zuwa suna

Yanzu buɗe injin bincike. Rubuta abin da ya faru a labarin da kalmomi ƙalilan, tare da shekarun da nau'in shirin, kuma ka gwada da harshen da kake zaton an yi abin da shi, ko da da taimakon manhajar fassara ne. In kana tuna wata jimla daga waƙar, sa ta tsakanin alamun zance biyu, Google zai nemo ta yadda take ba tare da ya wargaza kalmomin ba. In wani sanannen shiri yana ta cika maka sakamako, sa alamar ragi manne da sunansa, zai fita daga jerin.

Akwai hanyar da ta fi wannan inganci amma tana son haƙuri. Wikipedia tana da jerin shirye-shiryen da manyan tashoshi suka taɓa nunawa, da jerin katun shekara bayan shekara. Bi jerin suna bayan suna, duk wanda ya ɗan motsa maka rai ka duba hotonsa. Aikin awa ɗaya ko biyu ne, kuma sau da yawa sunan yana tsalle ya fito maka da kansa, domin gane abu ya fi tuno shi sauƙi. Ga fina-finai, binciken zurfi na IMDb, shafin da ke tara bayanan fina-finai, yana bari ka taƙaita shekaru da ƙasa da nau'i. Ga gem kuwa MobyGames, wanda ke tara bayanai tun 1999, yana da hotunan allo na dubban wasanni, an jera su bisa na'ura da shekara.

In kari ne kawai ya rage maka, bambanta kayan aiki biyu. Shazam sai ya ji ainihin rikodin ɗin yake ganewa, muryarka ba za ta yi masa amfani ba. Manhajar Google kuwa tun Oktoban 2020 tana karɓar kari: danna alamar makirfo, zaɓi neman waƙa, ka rera ko ka yi fito na sakan 10 zuwa 15. Rera amshin, a wuri mara hayaniya, kuma kada ka ƙara masa ado. SoundHound ma yana yin haka. Waɗannan sun fi kama waƙar da aka fitar a faifai, kiɗan buɗe shiri da ba a taɓa sayarwa ba yakan kuɓuce musu. In kuma hoto gare ka, misali tsohuwar sitika ko bangon kaset, ɗauke shi a haske ka ba Google Lens ko TinEye, amma yanke hoton ya rage fuskar ɗan wasan kawai.

Matambayi ba ya ɓata. A dandalin tattaunawa na Reddit akwai zauren tipofmytongue na neman sunan kowane irin abu, da tipofmyjoystick na gem zalla, sannan akwai Lost Media Wiki inda ake bin sawun abubuwan da ake zaton sun salwanta. Takardar nan da ka rubuta ita ce tambayarka. Faɗi shekarun, da ƙasar da ka kalla, da abin da ka tabbatar da wanda kake zato, ka kuma lissafa sunayen da ka riga ka duba ba su ba ne, don kada a yi ta maimaita maka su. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen kawo sunayen da za a gwada, amma sukan ƙago suna su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Kada ka yarda da kowane suna, daga mutum ko daga na'ura, sai ka kalli buɗewar shirin da idonka. Gani ya kori ji, kuma in shi ne, jikinka zai gaya maka tun a sakan biyar na farko.

Daga suna zuwa abin kansa

Fara da masu abin. Kamfanoni da yawa sun buɗe tashoshinsu a YouTube sun zuba tsoffin shirye-shiryensu kyauta, wasu kuma sun sake fitar da su a faifai ko a dandalin kallo. Wannan ya fi tsabta, kuma babu taka haƙƙin kowa.

In babu, sai kwafin da masu kallo suka ɗora. An kafa YouTube a 2005, kuma daga 2006 zuwa tsakiyar 2010 ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 10 daga gama-garin masu ɗorawa. Shi ya sa tsoffin kwafi suke a yanke, kashi uku-uku. Ƙara "1/3" ko "part 1" bayan sunan, ka kuma ƙara before:2011 don ture sababbin bidiyoyin sharhi gefe. Gwada rubuta sunan da kuskure yadda yaro zai rubuta shi, domin mai ɗorawa ba lallai ya san rubutun daidai ba. In ka dace da kashi ɗaya, shiga tashar wanda ya ɗora ka duba sauran kayansa. Wanda ya naɗi shiri ɗaya daga tasha a wancan zamani yawanci ya naɗi maƙwabtansa.

Wani lokaci za ka samu abin amma kunnenka ya ƙi yarda, kuma kunnen ne ke da gaskiya. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a sakan, talabijin na tsarin PAL kuwa, wanda Turai da mafi yawan Afirka da Asiya suka yi amfani da shi, yana nuna 25. Sai a ɗan ƙara wa fim ɗin gudu da kusan kashi 4 cikin 100, murya ta ɗan ƙara tashi. Wanda ya girma da wannan zai ji kwafin Amurka ya yi masa sanyi-sanyi. Haka kuma ana sauya waƙar buɗewa da masu murya daga ƙasa zuwa ƙasa, sannan wasu masu ɗorawa suna juya hoton hagu zuwa dama ko su matse muryar don kauce wa na'urar gano haƙƙin mallaka. Saboda haka ƙara sunan ƙasa, ko tasha, ko harshen da aka ɗora a bincikenka.

Wuri na biyu shi ne Internet Archive, ɗakin ajiyar da Brewster Kahle ya kafa a San Faransisko a 1996. A can akwai kaset-kaset na bidiyo da mutane suka juye sukutum, da mujallun yara, da tsoffin gem da ke tashi a cikin burauza. Injin bincikensa bai kai na Google wayo ba, don haka ya fi sauƙi ka rubuta site:archive.org a Google ka biyo da sunan. A nan ne kuma Wayback Machine yake, wanda aka buɗe wa jama'a a 2001, mai nuna shafuka yadda suke a da. Sa adireshin shafin da kake shiga kana yaro, zaɓi shekara, kalanda za ta fito da ɗige-ɗige. Shuɗi yana nufin an kama shafin lafiya, kore yana nufin an tura ka wani adireshin, ruwan lemo da ja kuwa kuskure aka tarar. In hotuna ba su fito a wata rana ba, gwada wata kusa da ita, domin ba komai ake kamawa a kowace ziyara ba.

Gem na da nasa sha'anin. Ƙananan wasannin da ake bugawa a burauza a shekarun 2000 galibinsu da manhajar Flash aka yi su, kuma kamfaninsa Adobe ya daina tallafa masa ranar 31 ga Disamban 2020. Kada ka je neman tsohon Flash ka sa a kwamfutarka, ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Sa Ruffle a burauzarka, shi ke kwaikwayon Flash ba tare da wannan haɗari ba, ko da yake wasu wasannin na baya-baya ba sa tashi daidai a kansa. Ga waɗannan akwai Flashpoint, aikin sa-kai na adana irin waɗannan wasanni. Yana da iri biyu: Infinity, wanda ke sauke gem ɗaya-ɗaya lokacin da ka danna shi, da Ultimate mai ɗauke da komai, wanda ya haura terabait ɗaya. Infinity ya ishe ka.

Wasannin wayoyin maɓalli, na zamanin da ya biyo bayan macijin Nokia 3310, fayilolin Java ne masu ƙarewa da .jar, kuma J2ME Loader yana buɗe su a Android. Abin da ke ɓata wa mutane rai a nan girman allo ne. Kowane gem an yi shi iri-iri, na 128×128, na 176×208, na 240×320, in lambar da ka sa a manhajar ba ta dace da ta fayil ɗin ba sai hoton ya yanke ko ya maƙale a kusurwa. Wasannin kwamfuta na zamanin DOS suna tashi da DOSBox, in sun cika gudu ko nawa sai a gyara da Ctrl da F11 don ragewa, Ctrl da F12 don ƙarawa. Shagon intanet na GOG yana sayar da da yawansu a shirye. Manhajar kwaikwayon na'ura kamar RetroArch ba laifi ba ce a karan kanta, amma fayilolin wasannin suna da masu su ko da sun shekara 30, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Inda ake sayar da abu, saye shi ne daidai.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a wannan fanni, domin masu damfara sun san mai kewa ba ya tsayawa karatu. Bidiyo ba ya ƙarewa da .exe ko .apk. Duk shafin da ya ce sai ka sa wata manhaja ta musamman, ko ka ba da lambar waya ko ta katin banki kafin ka kalla, rufe shi. Fayil ɗin da kake shakka ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil na da cuta, kafin ka buɗe.

Abin da ke cikin kwali

Akwai abin da ba za ka taɓa samu a intanet ba saboda babu wanda ya ɗora shi, kuma wataƙila kwafin da ya rage a duniya shi ne na gidanku. Shirye-shiryen ƙananan tashoshi su ne suka fi shiga wannan hali, domin a da akan goge kaset a sake naɗa a kansa. Lokaci kuma ba ya jira: Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS mai kunna kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016, waɗanda suka rage kullum raguwa suke.

Kafin ka sa kaset ɗin bidiyo a na'ura, leƙa ta gilashinsa. In ka ga farin ɗigo-ɗigo ko wani abu kamar gari a gefen naɗin, fumfuna ce. Kada ka kunna shi, zai toshe kan na'urar ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ware shi ka kai wa masu sana'ar. In yana da tsabta, bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi aikin don ya saba da yanayin, ka karya ɗan harshen da ke gindinsa don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure, sannan ka tura shi har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya don naɗin ya saki. Na'urar kuwa fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Wadda ta daɗe a ajiye takan ci kaset.

Kayan aiki huɗu ne: na'urar bidiyo, waya mai kai uku, ƙaramar na'urar kama hoto ta USB, da kwamfuta mai manhaja irin OBS Studio. Kai mai ruwan ɗorawa shi ne hoto, fari da ja sauti ne na hagu da dama. In na'urar tana da kafar S-Video yi amfani da ita, tana raba haske da launi don haka hoton ya fi fitowa. Saita girman hoto 720×576 da hoto 25 a sakan ga PAL, ko 720×480 da 29.97 ga NTSC na Amurka da Japan, sauti kuma 48 kHz. In hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima sama, tsarin ne ka zaɓa ba daidai ba, sauya shi. In muryoyi suna gudu kamar an kora su, an naɗi kaset ɗin ne a LP, wato a jinkirin gudu, na'urarka kuma SP, gudun da aka saba, kaɗai ta sani.

Layukan dusa-dusa da ke ratsa hoto ana gyara su da maɓallin tirakin, a hankali, kana kallon allo. Ɗan siririn layin da ke rawa a can ƙasan hoton kuwa ba lalacewa ba ce, haka VHS yake, tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi a bayan firam. Matsalar da ta fi cin rai ita ce sauti ya riƙa tsere wa hoto, a farko suna tare, bayan awa ɗaya baki ya motsa magana ta zo daga baya. Dalili shi ne kwamfuta tana zubar da wasu hotunan. Rufe duk sauran manhajoji, hana ta yin barci, ka juye rabin awa-rabin awa. In ya ci gaba, siginar kaset ɗin ce ba ta tsaya ba, sai an sa na'urar daidaita ta da ake kira TBC a tsakani. In hoton ya zama dusa gaba ɗaya alhali sauti na fita, kan na'urar ne ya yi datti. Kada ka kusance shi da auduga, zarenta yana maƙalewa ya karya kan. Jiƙa farar takarda da sifirit na isopropyl, ɗora ta a jikin gangar ƙarfen da ke ɗauke da kan, a cikin na'urar, ka riƙe cak, ka juya gangar da ɗaya hannun. Goga sama da ƙasa shi ke kashe na'ura.

Kaset mai awa uku awa uku zai ci, babu gajeriyar hanya. Kuma don Allah kada ka yanke tallace-tallace da sanarwar tasha da ke tsakani. Shirin kansa wataƙila wani yana da shi, amma muryar mai gabatarwa da tallan da ya biyo baya su ne abin da ya fi wuyar samu, kuma sau da yawa su ne suke mayar da mutum cikin ɗakin nan na da fiye da shirin.

Kaset ɗin rediyo ya fi sauƙi. Ja zaren da fensir ya ɗaure, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya. In ya faɗi, sauti zai fito a dushe ko ya ƙi fita sam, sai a manna shi ko a kwance kusoshi a mayar da naɗin cikin wani gidan kaset. Goge kan rikoda da robar da ke jan zare da auduga mai sifirit, nan auduga ba ta da illa. Haɗa mafitar sauti zuwa kafar layin shiga ta kwamfuta. Yawancin laftof na yanzu kafa ɗaya gare su ta makirfo, wadda ke cushe sauti ta mayar da shi ɓangare ɗaya, don haka nemi ƙaramin katin sauti na USB mai layin shiga. A manhajar naɗar sauti ta Audacity zaɓi 44,100 Hz, sitiriyo, ka daidaita ƙara yadda mafi tsananinta ba za ta wuce -6 dB ba, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. In waƙa tana lilo kamar mawaƙin ya yi maye, bel ɗin rikodar ne ya saki. In ta yi kauri babu kaifi bayan an goge kai, akwai ɗan kusa a gefen kan, juya shi kaɗan-kaɗan kana saurare har kaifin ya dawo. Minti ɗaya na fayil ɗin WAV kusan megabait 10 ne, wato kaset mai minti 90 guda zai ci wajen 900, tsarin FLAC kuma yana rage kusan rabi ba tare da asarar komai ba. Rage shuuu ɗin kaset da sauƙin hannu, in aka matsa sai murya ta koma kamar daga cikin ruwa, kuma kullum a kan kwafi ake wannan gyara.

Faifan VCD kwafa kawai yake buƙata. Buɗe jakar MPEGAV, za ka ga fayiloli irin AVSEQ01.DAT, ja su zuwa kwamfuta, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta buɗe su. A DVD jakar ita ce VIDEO_TS. Goge faifai daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi da'ira. A CD da VCD bayanan suna dab da gefen da aka yi rubutu, don haka ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa muni: ɗaga shi a haske, in ka ga ƙananan huji, wannan wurin ya tafi. In kwafa ta tsaya a tsakiya, manhajojin ddrescue ko IsoBuster suna tsallake wurin su ceto saura. Memorin tsohuwar waya kuma, mai bidiyon 3GP da sautin AMR, in kwamfuta ta ce a yi masa fomat ce mata a'a, ka gwada PhotoRec, manhajar ceto fayiloli.

Ajiya, da zaman kallo

Abin da ke intanet yau ba shi da tabbacin gobe. Yahoo ya rufe GeoCities, dandalin gina shafuka, a 2009 da miliyoyin shafukan da mutane suka gina da hannunsu. A 2019 dandalin Myspace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekaru 12 sun salwanta wajen sauya rumbu. Ko Internet Archive sai da ya rufe na kwanaki a Oktoban 2024 bayan harin masu kutse. Don haka duk abin da ya halatta ka sauke, sauke shi, shafin da kake so kuma sa adireshinsa a Save Page Now na Wayback Machine. Riƙe kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da gidanka. Filashi da memori ba wurin ajiyar shekaru ba ne, rumbun waje ya fi, shi ma a riƙa kunna shi ana dubawa ko sau ɗaya a shekara. Sa wa fayil suna mai magana: sunan shiri, shekara, tasha, da inda aka samo. Kuma kada ka zubar da kaset bayan ka juye, ajiye shi a tsaye, nesa da zafi da danshi da lasifika, domin wata rana za a iya juye shi da kayan da suka fi naka.

Ranar kallo, gyara abu biyu. Tsohon hoto 4:3 ne, allon yanzu 16:9. In ka bari ya cika allo kowa zai yi faɗi kamar an danne shi, don haka bar baƙaƙen ginshiƙan nan a gefe, a VLC maɓallin A ke sauya wannan. Na biyu, in gefen abin da ke motsi yana fitowa kamar haƙoran mataji, saƙar layukan tsohuwar talabijin ce, danna D a VLC ya warware ta, ko ka zaɓi Yadif a manhajar HandBrake lokacin matse fayil. Hoton VCD 352×288 ne kacal, a babban allo zai yi ɓaro-ɓaro, saboda haka kalle shi a ƙaramar taga ko ka ja kujera baya. Masu zanen gem na da kuwa sun yi aikinsu ne da sanin cewa talabijin mai ƙeya za ta narkar da ɗigogin su haɗu, shi ya sa RetroArch ke da matatun CRT, wato masu kwaikwayon irin wannan talabijin, da ke dawo da wannan laushi.

In da yara za ka kalla, fara kallo kai kaɗai. Wasu tsoffin shirye-shirye suna ɗauke da zolaya ko tashin hankalin da ba ka lura da su ba a lokacin, wasu kwafin kuma masu ɗorawa sun cusa musu abin da ba na ciki ba. Zaɓi kashi ɗaya ko biyu, a kalla a tashi, kamar yadda tasha take yi a da, a bar na gaba sai wani makon.